Bayan an watse daga zaman makoki, wa ke komawa ya duba su?

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah ka ɗan ba ni fili in yi magana kan abin da ya daɗe yana cina a rai.

Bara ’yan bindiga suka kashe mijin maƙwabciyata a hanyar Gusau zuwa Funtuwa. Mun yi zaman makoki yadda aka saba, gida ya cika maƙil, kowa ya shigo sai ya ce "a yi haƙuri, sai addu’a", aka yi sadakar uku aka yi ta bakwai, shi ke nan kowa ya kama gabansa, ita kuma aka bar ta cikin takaba wata huɗu da kwana goma a ɗaki ɗaya, ba barci ba cin abinci. Ɗanta ɗan shekara shida kuwa ko salansar mashin ce ta yi ƙara sai ka same shi ƙarƙashin gado yana karkarwa, ga fitsarin kwance da ya dawo masa. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sakalci. Ni kaina wallahi na taɓa ce mata "ke daina kukan nan, ba kyau", ina ganin taimako na yi.

Sai da wata ƙungiya ta yi mana bitar kwana uku kan yadda ake taimaka wa wanda ya shiga firgici da baƙin ciki na gane ɓarnar da na yi. Abin da aka koya mana ba wani turanci ba ne mai wuya, matakai uku ne da Hukumar Lafiya ta Duniya ke koyarwa: ka duba halin da mutum ke ciki, ka saurare shi, sannan ka haɗa shi da inda zai samu taimako. Sauraron nan shi ya fi wuya, don mu bakinmu baya shiru. Ba a tilasta wa mutum ya maimaita abin da ya gani, ba a ce masa "ai na wane ya fi naka muni". Na koma wajen maƙwabciyar tawa da kunun gyaɗa, na zauna kusan awa guda ban yi mata wa’azi ba, ranar ce ta fara faɗa min ita ta matsa wa mijinta ya yi tafiyar saboda kuɗin makaranta, kuma abin da ke hana ta barci ke nan.

Addu’a dai ba wanda ya ce a bari, muna yi. Amma in mutum ya fara cewa gara ya mutu ya huta, ko ya daina gane mutane, wannan sai asibiti, kuma mu nan akan nufi asibitin ƙwaƙwalwa na Kware a Sakkwato ko na Barnawa a Kaduna, da wane kuɗin mota? An sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, to amma a unguwarmu ba mu gani a ƙasa ba tukuna.

Roƙona ga gwamnatin jiha da shugabannin addini: ’yan agajinmu an koya musu ɗaure rauni da ɗaukar wanda ya suma, a ƙara musu da waɗannan matakai uku. A haɗa da ungozomomi da malaman Islamiyya da masu wankan gawa, su ke shiga gidajen da likita ba zai taɓa takawa ba. Ajinmu na Islamiyya babu kowa ranakun Alhamis da Juma’a, tabarmi ma akwai, mai koyarwa kawai muke nema.

Wata malamar Islamiyya, Gusau