Sanarwa: Zaman Asabar kan ƙannenmu masu son aikin gwamnati

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka.

In Allah ya yarda za mu zauna ranar Asabar mai zuwa bayan sallar La'asar, a firamaren cikin gari. Maganar ƙannenmu ce da ke karatu a kwalejin ilimi ta Gumel, da makarantar jinya ta Birnin Kudu, da jami'o'in Dutse da Kafin Hausa. Yawancinsu koyarwa, asibiti ko sakatariyar ƙaramar hukuma suke hange, amma ba mai nuna musu hanya.

Kuɗi ba shi muke nema ba, lokaci ne. Duk mai digiri ya ɗauki ɗalibi ɗaya ko biyu, ya riƙa kiransu ko sau ɗaya a wata. Masu kwamfuta, don Allah ku zo da ita, domin jarrabawar ɗaukar aiki yanzu ta koma kan kwamfuta, kuma yaronmu na ƙauye wani bai taɓa riƙe linzaminta ba. Malamai ku yi musu bayanin rajistar TRCN, wato hukumar yi wa malamai rajista ta ƙasa. Ma'aikata kuwa ku duba musu takardu tun da wuri: shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma, lambar NIN, da suna da ranar haihuwa su zo ɗaya ko'ina. Wannan ƙaramin saɓanin ya sha hana mutane aiki.

Yayyenmu mata, akwai ɗalibai mata da yawa, kuma iyayensu sun fi sakewa da ku.

Kowa ya turo sunansa da fannin da ya karanta kafin daren Alhamis. Wanda ke nesa, waya ta isa.

Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

Sakatare