Jan hankali ga masassaƙa game da manna faifan abin kiran talotalo

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in ja hankalin 'yan'uwana masassaƙa kan wani kuskure da na tafka, bayan ɗan yayana da ke karatu a Amurka ya aiko mini da abin da mafarautan can ke kiran talotalon daji da shi, ni kuma na ce sai na sassaƙa irinsa.

Ɗan akushi ne na katako wanda bai fi tafin hannu ba, an zaunar da faifan gilashi ko na dutsen allo mai faɗin inci 3 da rabi a bakinsa, da wani ƙaramin faifai a ƙarƙashi mai ƙara amo. Idan aka goga tsinken katako a kai sai ya yi kukan mace, namiji ya taho. Dabarar ta yi kama da ta mafarautanmu masu ɗaura kan burtu, sai dai su ido suke yaudara, wannan kuwa kunne.

Da damina na manna nawa da Araldite, ina taƙamar ya kama gam-gam. Hunturu na kankama katakon ya tsuke, gilashin bai sami wurin motsi ba, na wayi gari na tarar ya tsage gida biyu. Katako yana kumbura da laima, yana ƙanƙancewa da bushewa, wanda duk mai ƙofar katako a Kano ya sani, amma gilashi ba ruwansa da wannan, don haka gam mai daskarewa kamar dutse bai dace da wurin ba.

Abin da ya dace shi ne gam mai danƙo, irin E6000 ko silikon na masu aikin tagogin alminiyum. A bar 'yar rata tsakanin gefen faifan da bangon akushin, a goge faifan da sifirit, sannan a zizara gam siriri a kan dakalin da zai zauna, domin idan ya yi yawa murya takan dushe. Ni gwangwanin madara cike da yashi nake ɗorawa a kai, in bar shi aƙalla awa 24. Bayan ya bushe a kankare fuskar faifan da samfefa, ana gogawa a miƙe ba a zagaye ba, kuma kada a riƙa taɓa ta da yatsa, saboda maiƙon hannu yana sa tsinken ya riƙa sulɓewa ba amo.

Wassalam.

Naka,
Wani masassaƙi daga cikin birnin Kano