Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Kano: A Yi Wa Ɗalibanmu Adashin Ƙwararru

Mai Girma Gwamna Abba Kabir Yusuf, assalamu alaikum.

Ni malamar firamare ce a cikin birni. Akwai wata yarinya a ajina da ta shekara uku tana shan bulala a kan ba ta amsa kira, har an laƙaba mata daƙiƙiya. Ran nan na tsaya a bayanta na tafa hannu da ƙarfi, ko gezau ba ta yi ba. Ashe kunne ne. Na gaya wa uwarta, ta sunkuyar da kai ta ce, "To Malama, ina zan kai ta?" Na rasa amsa. Ni ma da hannuna na taɓa dukanta, kuma abin yana cina har yau.

Ranka ya daɗe, tunda ka ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024 ake maganar gini da kujeru. Madalla. Amma kujera ba ta gane yaron da ba ya ji, ko mai in'ina, ko wanda allo ke yi wa hazo. Makarantar masu buƙata ta musamman da ke Tudun Maliki tana iya ƙoƙarinta, sai dai ba kowane yaro ne ke buƙatar a raba shi da makarantar unguwarsu ba. Wani na'urar ji da benci na gaba sun ishe shi.

Na san ƙaramar hukuma ɗaya ba za ta iya riƙe mai gwajin ji, da mai gyaran magana, da malamin maganar hannu, da na rubutun makafi ita kaɗai ba. To me zai hana takwas ɗin nan, Dala, Gwale, Fagge, Birni, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo, su yi zubi kamar yadda muke adashi? Tsakanin wasunsu titi ne kawai. A ɗauki ayari guda na ƙwararru a ƙarƙashin SUBEB, wato hukumar ilimin matakin farko ta jiha, su riƙa zagayawa bisa jadawali. Mutanen ma ba sai an yi nisa ba, Jami'ar Bayero tana da sashen ilimi na musamman, tana yaye ɗalibai.

Tsorona ɗaya ne, kada abin ya ƙare a yanka kyalle da kafa allo. Kowa ya san adashin da ba uwar adashi. A rubuta wa zai biya albashi, wa zai zuba wa mota mai, kuma a gaban wane Sakataren Ilimi ma'aikaci zai amsa tambaya idan bai zo ba. A liƙa jadawalin a ƙofar ofishin hedimasta don iyaye su gani. In ba haka ba, makarantun bakin kwalta za su kwashe rabon, ƙauyukan Ungogo da Kumbotso sai dai su ji labari.

Yarinyar nan tana aji huɗu yanzu. Na dawo da ita gaban allo, ina yi mata magana tana kallon bakina. Iyakar abin da na iya ke nan.

Wassalam,
Wata malamar firamare, Birnin Kano