Zuwa ga Habu a Kumasi

Assalamu alaikum Habu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya kasuwa? Shirun nan ya yi yawa, kuma kada ka soma kawo mini uzurin kuɗin kati.

Ka tambayi maganar aiki. Har yanzu shiru, ina nan shagon Kawu. Abin da ya ɗauke mini hankali shi ne littattafan falsafa da Sani ya baro mini da zai koma Yamai. Wani Albert Camus ya hana ni barci. A Aljeriya aka haife shi a 1913, ubansa ya mutu a yaƙin duniya na farko, uwarsa aikatau take yi. Har gola ya yi kafin tarin fuka ya raba shi da ƙwallo, ka ga ko nan ya fi ka, kai da kowa ke zura wa a raga.

A 1942 ya rubuta cewa ɗan Adam na ta tambayar duniya dalilin zuwansa, ita kuwa ta yi gum. Ya kawo tatsuniyar Girkawa ta Sisifus, wanda aka yanke wa hukuncin tura dutse kan tudu, da ya kai sai dutsen ya gangaro, ya sake, har abada. Ya ce kada mutum ya kashe kansa, kada kuma ya ruɗi kansa da buri, ya ci gaba da turawa ido buɗe, har mu ɗauka Sisifus na cikin farin ciki. Wallahi duk safiya in na ɗaga ƙofar shagon nan sai na tuna shi.

Na san za ka ce boko ya cinye Lawali. Kwantar da hankalinka, mu an gaya mana dalilin halittarmu, nan muka raba hanya da shi. Na dai daina jiran takardar aiki kafin in ji daɗin yinina. Malam Ilu ya ce ai wannan haƙuri ne kawai, na ce mai haƙuri yana sa ran lada, shi kuwa Camus ba ya jiran komai. Muka yi ta musu har shayi ya huce. Da ya ji mutumin ya mutu a hatsarin mota a 1960, shekara uku bayan ya karɓi kyautar Nobel, sai ya ce to yanzu ya samu amsa.

Af, Ɗan Tani ya ƙara aure, uwargida ta yi yaji. In Bala zai taho, ka haɗo ni da goro mai kyau, na bara duk ya bushe a hanya.

Naka,
Lawali