Wasiƙa Zuwa Ga Aminina Sani a Kumasi

Assalamu alaikum, Malam Sani.

Bayan gaisuwa mai yawa, ya mutanen Zango, ya kuma mai jiki? Allah Ya ba ta lafiya, Ya sa kaffara ne. Na saurari saƙon da ka turo cewa maiɗakinka ta wayi gari bakinta ya karkace, ido ɗaya ba ya rufuwa, in ta sha ruwa sai ya zubo, kuma dattawan gida sun ce marin aljani ne.

Don girman Allah, gobe da sassafe ka kai ta asibiti. A yi addu'a, a yi tofi, ban hana ba, amma kada a ce sai an gama su sannan a tafi. Jijiyoyi 12 ne ke fitowa daga ƙwaƙwalwa, kowacce dama da hagu, kuma ta bakwai ce ke motsa fuska. Wani likitan Sukotland, Charles Bell, ya bayyana aikinta tun 1821. Tana ratsawa ta wata matsattsiyar hanya a cikin ƙashin kunne. In ta kumbura ba ta da wurin sakewa, sai ƙashin ya matse ta, ɓarin fuskar ya saki. Maganin da ke sauke kumburin, prednisolone, ya fi aiki in an fara shi cikin awa 72. Ka ga ke nan kwana ɗaya ya riga ya tafi. Amma kada ka saya mata a kemis, tunda tana da juna biyu, likita ne zai yanke.

Cikin nan ne ma ya fi ɗaga mini hankali. Wannan larura ta fi samun mata a watanni ukun ƙarshe, kuma wani lokaci tana zuwa tare da hawan jinin da ke kai mai ciki ga jijjiga. Ka nace a auna jininta, a gwada fitsari, a duba suga. A leƙa kunnen ma: in akwai ƙuraje masu ruwa da raɗaɗi, ƙwayar cutar ƙarambau ce ta farfaɗo, sai an haɗa mata da wani maganin.

Yau da dare ka ce ta ɗaga girarta. In goshin ɓangaren ya ƙi tattarewa, galibi jijiyar ce. In goshi na motsi amma baki ya karkace, ko hannu ya yi nauyi, ko magana ta sarƙe, to shanyewar ɓarin jiki ake tsoro, kada ku jira asuba.

Sai idon. Kowa baki yake kallo, alhali ido ne ke iya lalacewa har abada, domin idon da ba ya ƙiftawa bushewa yake yi ya yi gyambo. A riƙa ɗiga mata ruwan hawaye na asibiti da rana, da dare a sa man ido, a rufe fatar a manne da filasta. Ta sa tabarau in za ta fita, ta nisanci hayaƙin girki, ta haƙura da kwalli. Kuma kar a bar kowa ya yi mata tsaga ko ya ɗora abu mai zafi a kumatun.

In ta ce abinci ba ɗanɗano, ko ƙarar yara na damun kunnenta, duk aikin jijiyar ne. Kusan bakwai cikin goma kan warke sarai ko ba magani, da magani kuma sun fi haka. Sauƙi kan fara cikin mako uku, cikar warkewa ta ɗauki wata uku zuwa shida, masu gashin ƙashi kuma za su koya mata motsa fuskar.

Ka zauna da ita, Sani. Na san ta da kunya, za ta fara ɓuya a ɗaki. Ka faɗa mata ba a ɗauka, ka kuma rage 'yan dubiya masu ƙura mata ido.

Da kun fito daga wurin likita ka kira ni, ko ƙarfe nawa ne. Hajiya tana gaishe ku, ta ce a gaida yara.

Naka amini,
Bashir