Keken da ke shiga ko'ina, a bakin mai sayarwa kaɗai yake

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da ma'aikatanku, ina roƙon ku ba ni ɗan fili a jaridarku domin in yi magana a kan wani abu da wasu za su ɗauka ƙarami ne, alhali yana cin kuɗin iyaye da yawa a nan Tawa, musamman a watan Oktoba lokacin da yara ke komawa makaranta. Maganar ta keke ce, da kuma kalmar da masu sayar da shi suka riƙe a baki, wato duk wanda ka ɗora wa hannu sai a ce maka, "Alhaji, wannan ai ko'ina yana shiga." Na yi shekaru ina koyarwa a ƙauyukan Adar, keke ne abin hawana rani da damina, kuma ban taɓa ganin wanda ya cika wannan alkawari ba.

Kakanninmu ba su yi wannan kuskure a kan dabbobi ba. Sun san doki na sukuwa ne, jaki na kaya ne, raƙumi kuma na doguwar tafiya ne cikin rairayi, kuma babu wanda ya taɓa zargin jaki don bai yi tsere ba. Ƙasarmu ita kanta ba iri ɗaya ba ce. Wanda ya kama kwalta daga Tawa zuwa Tsarnawa da Ƙonni yana kan hanya mai tauri da santsi, wanda ya nufi Keita ko Buza zai haɗu da duwatsu da hawa da gangara, wanda kuma ya yi arewa wajen Abalak ya sauka daga babbar hanya, rairayi ne zai tarbe shi. Ko cikin garin Tawa, akwai unguwannin da sai ka sauka ka tura kafin ka kai ƙofar gidanka.

Abin da ya fi raba keke da keke shi ne taya, ba yawan giya ba, kuma a nan ne mutane suka fi ruɗuwa. Keken tsere, irin wanda ake hawa a gasar zagayen Faransa da aka fara a 1903, ko gasar zagayen Burkina Faso da aka fara a 1987, tayarsa siririya ce, faɗinta milimita 25 zuwa 28, kuma ana cika ta da iska sosai don ta yi gudu a kan kwalta. An rage masa nauyi har sai da hukumar tseren keke ta duniya ta kafa doka cewa kada ya gaza kilo 6.8. Ka shiga da shi rairayi, tayar za ta yanka ƙasa kamar wuƙa ta nutse, ka bi da shi ta wurin da tsidau ya bazu, kafin ka kai gida ka ziyarci mai faci. Shi kuwa keken duwatsu, wanda 'yan boko ke kira VTT, an ƙirƙiro shi ne a jihar Kalifoniya ta Amurka a shekarun 1970 domin gangarowa daga tsaunuka. Tayarsa ta fi milimita 50 faɗi, tana da haƙora masu kama ƙasa, don haka yana da daɗi a hanyar Keita, amma waɗannan haƙoran ne ke riƙe shi a kan kwalta, kuma abin da aka sa masa a gaba don ya sha gargada yana shanye wani ɓangare na ƙarfin ƙafar mai tuƙi.

Sai tsohon abokinmu, baƙin keken ƙarfe irin Raleigh na Ingila da Phoenix na ƙasar Sin, mai giya ɗaya da birkin sanda da faffaɗan sirdi, wanda nauyinsa ya kai wajen kilo 20. Matasa suna yi masa dariya, amma shi ne ke ɗauko buhun hatsi daga gona, da jarkokin ruwa daga rijiya, da albasa zuwa kasuwa, kuma duk ƙauyen da ya lalace maka za ka sami wanda zai gyara shi a gindin bishiya. Aibinsa shi ne hawa, domin idan tudu ya miƙe, kai da shi sai ku zama abokan tafiyar ƙasa.

Ni kaina na faɗa tarkon da nake magana a kai. Na saya wa ɗana keke mai giya 21 a wani shago, mai shagon ya rantse mini cewa babu inda ba zai shiga ba. Hunturu ɗaya ya ishe shi. Ƙura ta cika sarƙa, ɗan ƙarfen nan da ke sauya giya a baya ya lanƙwashe ranar da yaron ya faɗi, aka nemi irinsa aka rasa, daga ƙarshe mai gyara ya rage tsawon sarƙar ya ɗaure ta a kan giya ɗaya. Na biya kuɗin giya 21, na tashi da guda, ga shi kuma babu wurin ɗaura ko jakar littattafai.

Na san za a ce mini talaka ba shi da halin sayen kekuna uku, kuma wannan gaskiya ne. Na kuma san Turawa sun fito da wani keke na tsaka-tsaki domin hanyar birji, mai taya wajen milimita 40, wanda ke yin kwalta ya kuma yi tsakuwa. Sai dai shi ma sulhu ne aka yi, bai kai na tsere gudu ba, bai kai na duwatsu juriya ba, kuma ba a yi shi don buhu ba. Ko ƙungiyar World Bicycle Relief da ta ƙera keken Buffalo domin karkarar Afirka, sai da ta zaɓi abu ɗaya, ta yi shi da ƙarfe mai kauri da mazaunin kaya mai ɗaukar kilo 100, ta haƙura da gudu.

Saboda haka wanda kuɗinsa na keke ɗaya ne, ya fara duba hanyar da zai riƙa bi kwana shida cikin bakwai, ya sayi abin da ya dace da ita, ya yarda cewa a rana ta bakwai zai ɗan wahala. Ya je wurin mai gyaran unguwarsu kafin ya je wurin mai sayarwa, ya tambaye shi waɗanne kaya ne ake samu a gari. Ya fifita jikin ƙarfe, domin idan ya tsage kowane mai walda zai haɗa shi, sabanin na alminiyam da ke buƙatar na'ura ta musamman. Idan jikin yana da sarari, sauya taya kaɗai yana iya mayar da keken duwatsu na cikin gari, kuma rage iska kaɗan yana taimakawa a rairayi. Ina kuma roƙon iyaye su daina saya wa yaro keken da ya fi ƙarfinsa da sunan zai girma ya tarar da shi, domin yaron da ƙafarsa ba ta kai ƙasa ba, ba ya iya tsayawa idan ɗan kabu-kabu ya yanko masa gaba.

Ina fatan za ku aiko da wakilinku kasuwar Tawa wata ranar Lahadi, ya zauna da masu gyaran keke, ya tambaye su wane iri ne ya fi dawo musu da kuma abin da ke fara lalacewa a jikinsa, sannan ku buga amsarsu kafin a koma makaranta.

Na gode.

Naku,
Wani tsohon malamin makaranta,
Tawa, Jamhuriyar Nijar