An kira ni ofishin walwala a kan ɗan cikina

Assalamu alaikum Hajiya, sannu da ƙoƙari. Don Allah a sakaya sunana.

Shekaranjiya mai unguwa ya aiko mini da takarda, wai in je ofishin walwalar jama'a na ƙaramar hukumarmu ranar Talata da ƙarfe 10, kuma in taho da yarona. Har da hatimin ma'aikatar harkokin mata da walwalar jama'a a jiki. Ni da ko ofishin 'yan sanda ban taɓa takawa ba. Takardar na aljihuna, in buɗe in ninke, har ta fara yagewa ta tsakiya. Uwar yaron ce ta kai ƙarata.

Hajiya, adaidaita sahu nake ja, kuma ba nawa ba ne, kullum sai na kai wa mai shi balas. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, in na sha mai na cire balas, wata rana abin da zai rage ko kwanon masara ba zai saya ba. Uwar yaron ta san haka sarai. Amma uwarta ba ta da aiki sai zuga, wai 'yarta ta rame, wai ƙanwarta ma'aikaci take aure. Ranar da abin ya faru na dawo da yunwa na tarar ba a ɗora tukunya ba, magana ta yi tsawo, na rubuta mata takarda. Ban doke ta ba, ture ta kawai na yi, ita ce ta faɗa kan randa.

Yaranmu biyu. Ƙaramar tana hannunta, ban ce komai ba. Namijin, mai shekara 7, na je Islamiyya na ɗauko shi na kai shi tsangayar da ni ma na yi karatu, a ƙauyenmu. Gaskiya ban gaya mata ba, don na san uwarta za ta hana. Ya yi kuka a mota, amma wane yaro ne ba ya kuka? Shi ne take yawo da ni wai na sace shi. Mutum ya saci ɗansa?

Limaminmu ya ce a Malikiyya riƙon ɗa namiji yana wurin uwa har ya balaga, mace kuma har ta yi aure ta tare, nawa ciyarwa ne da tufatarwa. In uwar ta yi wani auren kuma, riƙon ya koma hannun mahaifiyarta. Wannan matar! Tun da ya faɗa ban runtsa ba. Wani abokina a tasha kuma ya ce akwai dokar kare haƙƙin yara tun 2003, kuma 'yan walwala sulhu suke fara yi, a yanka wa uba kuɗin wata ya sa hannu, in ya ƙi sai kotu. Ni ina zan samo kuɗin wata?

To in je ne, ko in tura yayana? In na je ba yaron, za su tsare ni?

Kuma Hajiya, a lissafina iddarta ba ta cika ba, gadonta da kwanukanta ma suna ɗakin ba a zo kwashewa ba. In na aika wa mahaifinta cewa na mayar da ita kafin Talata, maganar ofishin za ta mutu?